Hannu Sama a Filin Bompai

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a filin ƙwallo na Bompai ba, kuma ko da na yi niyyar mantawa, abokan aikina sun yi rantsuwa ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga motar kamfani da safe a Dorayi, sai an sami wani ɗan albarka a kujerar baya ya ɗaga hannuwansa biyu sama ya ce, "Gola, an tashi lafiya?" Mota ta kwashe da dariya, direba har da dukan sitiyari. Ni ma yanzu dariyar nake taya su (in ban yi ba me zan yi?), amma a makon da abin ya faru, wallahi sai da na yi tunanin kwashe iyalina mu bar Kano.

Bari in fara daga wurin aiki. In ba ku san aikinmu ba, ba za ku gane yadda mutum mai cikakken hankali, mai mata da 'ya, zai aikata abin da na aikata a gaban jama'a ba.

A wani kamfanin roba nake aiki a Sharada. Bokiti, buta, robar wanka, kujerun nan da ake haya a gidan biki, duk mu muke bugawa. Injin da nake kai yana da baki biyu na ƙarfe. Su haɗe da ƙarfin gaske, narkakkiyar roba ta shiga tsakani, su buɗe, bokiti ya faɗo da zafinsa. Kai kuma ka ɗauka, ka gyare gefensa da reza, ka jera. Wani lokaci bokitin ya maƙale, sai zuciya ta ce maka zura hannu ka fizgo shi kafin bakin ya rufe. To injin nan bai san bokiti ba, bai san hannu ba, abin da ya tarar shi yake matsewa.

Shugaban sashenmu a lokacin Baba Danladi ne, mutumin wani ƙauye kusa da Pankshin a Filato. Ya zo Kano yana saurayi, ya yi furfura a gaban inji. Hannunsa na dama yatsu uku ne suka rage, sauran biyun inji ya karɓe tun kafin a haifi wasunmu, kuma ba ya son a tambaye shi yadda aka yi. Abin da ya yi dai shi ne ya kafa mana doka. In jiniyar haɗari ta tashi, duk abin da ke hannunka ka sake shi, ko mene ne, ka ɗaga hannu biyu sama yadda kowa zai ga yatsunka, ka ja da baya daga injin. Ba tambaya, ba waiwaye.

Bai tsaya ga faɗa da baki ba. Kana tsakiyar aiki, ko kana shirin kai lomar shinkafa da wake baki a lokacin hutu, sai ya lallaɓa ya danna jiniyar, ya tsaya yana kallon wanda zai yi jinkiri. Wanda ya makara, ranar shi zai share sashe. Na taɓa sakin kofin shayi mai zafi a kan ƙafata saboda dokar nan. Da ya ga na fi kowa saurin firgita (shi dai "saurin amsawa" ya kira abin, Allah ya saka masa da alheri), sai ya ba ni muƙami. Da zarar jiniya ta tashi, ni ne zan kwarara ihu in ce "Hannu sama!" don waɗanda ƙarar inji ta toshe wa kunne su ji. Shekara da shekaru ina wannan ihu, har a mafarki na taɓa yi, maiɗakina ta ba ni labari da safe.

Wannan Baba Danladin kuma shi ne kocin ƙungiyar ƙwallon kamfaninmu. Ba wanda ya naɗa shi, shi ya ga babu ya ɗauka. Duk shekara akan yi gasa tsakanin ma'aikatan kamfanonin Sharada da Challawa da Bompai, kuma tun da aka fara, kofin bai taɓa leƙo ƙofarmu ba. A shekarar da nake ba ku labari Baba zai yi ritaya, ya koma gida ya kama noman dankalin turawa. Ranar da aka fara atisaye ya tara mu a filin bayan sito, inda tireloli ke juyawa, ya ce:

"Yarana, ba kofi nake so in tafi da shi ba. Kofi na kamfani ne. Hoto kawai nake so. Ni, da ku, da kofi a tsakiya. In rataya a falo. In mutanen ƙauye sun tambaye ni, Danladi, me ka yi a Kano duk shekarun nan, sai in nuna masu bango."

Kowa ya sunkuyar da kai. Isuhu, ɗan bayanmu, mutumin Maraɗi da ba a taɓa ganin ya yi shiru ba, shi ma ƙasa yake kallo. A ranar kowa ya ƙudura a ransa sai an ɗauki hoton nan.

Ni a lokacin ɗan benci ne. Mai tsaron gida na biyu, wato mai ɗaukar jarkar ruwa. Ba wai ban iya ba. A atisaye babu abin da ke wuce ni, ko ta sama ko ta ƙasa. Matsalata jama'a. Da na ga an yi layi a gefen fili, alƙalin wasa ya sa usur a baki, sai in ji kamar duk idon da ke wurin jira yake in yi kuskure. Kuma ba na ba su kunya, sai na yi. Akwai wasan da Isuhu ya maido mini ƙwallo a hankali, irin wadda ko ɗan yaye zai tare, na ɗaga ƙafa ta bi ta ƙarƙashi ta shige. Tun daga ranar na zama abokin jarka.

Sai Allah ya yi golanmu na ɗaya ya sami aikin tuƙi ya bar kamfani, ana gab da fara gasa. Baba ya dube ni, na dubi ƙasa. 'Yan wasa suka fara ƙunƙuni, wani ma ya ce gara a sa ɗaya daga cikin masu lodin kaya, ko ba komai yana da faɗi. Baba bai kula su ba. Bayan an tashi ya ja ni gefe, ya zaunar da ni a kan wata tsohuwar taya.

"Kai, hannunka lafiya lau ne," in ji shi. "Kanka ne ba lafiya. Kafin bal ya taso ka riga ka ci kanka. Muryan nan da kake hannu sama da shi, har ofishin manaja ana ji, ina yake zuwa in ka shiga fili?"

Na ce, "Baba, tsoro nake ji."

"Na sani. To ka ji magani. Kullum da safe ka tsaya ka ce, ragan nan nawa ne. Da ƙarfi. In ka shiga fili ka miƙe, ka buɗe ƙirji, ka yi wa 'yan bayanka tsawa su san da mutum a bayansu. Na uku, shi ne babba." Ya ɗaga yatsunsa ukun nan ya nuna ni da su. "Kar ka yi tunani. Tunani ne yake kashe ka. Jikinka ya san aiki. Ka bar jikinka ya yi abin da ya saba."

Ku riƙe wannan magana ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

Abin mamaki, maganin ya ci. Wasan farko na shiga da tsorona, na ce a raina ragar nan tawa ce, na daka wa Isuhu tsawa har ya waiwayo yana neman wanda ya yi. Ƙwallo ta farko ta taso, kafin in yi tunani na gan ta a ƙirjina. Na dube ta, na dubi hannuna. Ashe haka abin yake? Daga nan sai ƙofa ta buɗe. Muka ci wasa, muka sake ci. A wasan kusa da na ƙarshe aka je bugun fenariti, na kaɗe guda biyu, aka ɗauke ni a kafaɗa har bakin mota. Ni da ake aike sayen ruwan leda.

To a nan ne maganin ya fara yi mini yawa. Baba cokali ɗaya ya ce in sha, ni kuwa na kafa kai a kwalba. Na raɗa wa kaina suna Katanga (ba wanda ya ba ni, ni na zauna na zaɓa), na kai jesina Sabon Gari aka buga mini shi a baya da manyan baƙaƙe. Tafiyata ta canza. A motar kamfani na daina zaman baya. A gida kuwa kullum da safe ina gaban madubin Maman Ummi, maiɗakina, ƙirji a buɗe, ina sanar da kwalaben turarenta cewa ragar nan tawa ce. Ita kuma ta leƙo daga kicin ta ce, "Katanga, in an gama tsare ragar, a taimaka a tsayar mana da mai ruwa."

Abu ɗaya ne bai canza ba, safar hannuna. Ƙungiyarmu ba ta da safar gola ta gaske, don haka da safar aiki nake kamu, wadda nake sawa a gaban inji, mai ɗigo-ɗigon roba a tafi. Da aka ce za a saya mini sabuwa don wasan ƙarshe, na ce a'a, wannan ce mai sa'a.

Sai kuma na yi abin da har yau in na tuna nake cizon yatsa. Surukina, Alhaji, yana sayar da katako a Na'ibawa, kuma tun ina neman 'yarsa yake ganin ƙwallo aikin marasa aikin yi ne. Ya taɓa ce mini, "Babba da kai, da gemu, kana bin fata da gajeren wando." Maganar ta daɗe tana cina. Saboda haka ana saura kwana kaɗan wasan ƙarshe na wanke ƙafa na tafi har rumfarsa, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Alhaji, ranar Lahadi muna da wasan ƙarshe a Bompai. Ina so ku zo ku gani da idonku."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Me zan gani?"

Na ce, "Ku dai ku zo, Alhaji."

Ya zo kuwa. Har da abokansa biyu, da kujerunsu na roba (ƙila ma ni na buga su).

An kai wasan Bompai ne don filin ba na kowa ba ne, mu daga Sharada, abokan karawarmu kuma ma'aikatan wani kamfanin fata daga Challawa. Mutanen da suke yini suna ɗaga jiƙaƙƙiyar fatar shanu, kowanne damtsensa kamar turmi. Ɗan gabansu wani ne da ake kira Dogo, wanda ya addabi kowa a gasar. Filin yana jingine da katangar wani kamfanin biskit, ƙamshi sai busowa yake, ga jama'a maƙil bayan La'asar. Matan sashen shirya kaya na kamfaninmu sun zo da murafen bokiti suna kaɗawa. Baba Danladi daga coci ya wuce gida ya ci abinci ya taho, bai ko cire kwat ɗinsa ta Lahadi ba. Ya ce da ita zai shiga hoto.

Zan faɗi gaskiya ko da za a ce yabon kai ne, ranar na yi wasa. Ban taɓa yin irinsa ba, ban kuma sake ba. Dogo ya buga ta ƙasa na kwanta na kama. Ya sa kai na ture ta saman ƙarfe. Sau ɗaya kawai suka same ni, ita ma sai da ta goge ƙafar ɗan bayanmu ta canza hanya, mu kuma muka farke kafin hutun rabin lokaci. Aka dawo aka yi ta gumurzu, ɗaya da ɗaya, har rana ta yi sanyi. Kowa a filin ya san in aka tashi haka fenariti za a je, kuma kowa ya san wanda ke kaɗe fenariti. 'Yan Challawa suka rikice, suka kwaso kowa da kowa suka taho gabana. Ina hango Baba a bakin layi yana gyara wuyan kwat.

Ana gab da tashi suka sami kwana. Aka bugo ta sama, ta taho tana lanƙwasa, Dogo ya yi tsalle. Ni ma na yi, na wuce kansa, na cafke ta da hannu biyu na sauko da ita a ƙirji. Fili ya ɗauka, "Katanga! Katanga!" Murafen bokiti kamar za su fashe. Ai sai na tsaya. Maimakon in buga ta gaba, na rungume ta, na buɗe ƙirji, na taka a hankali ina juyawa don kowa ya karanta bayan rigata. Na nemo inda Alhaji yake zaune na tsayar da ido a kansa. A raina ina cewa, to Alhaji, ga mai gajeren wandon.

A daidai nan kamfanin biskit ya busa jiniyar canjin aiki.

Su a wurinsu ba komai ba ne, masu aikin rana su fita, masu aikin yamma su shiga. 'Yan Bompai kullum suna jin ta, 'yan Challawa kuma ba ruwansu da ita. Amma muryarta, wallahi tallahi, ita ce muryar jiniyarmu ta haɗari, ba bambanci ko kaɗan, kuma a bayan kunnena take, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ga safar aiki a hannuna. Ban yi tunani ba. Ina so a rubuta wannan a ajiye, ban yi tunani ba, kamar yadda kocina ya umarce ni. Na bar jikina ya yi abin da ya saba.

Na saki ƙwallon. Na watsa hannuwana biyu sama, yatsu a baje. Na buɗe maƙogwaron nan da ake ji har ofishin manaja na ce, "HANNU SAMA!" Sannan na ja da baya, na ja da baya, har sai da na ji raga ta taɓa mini ƙeya.

Isuhu, da ke kusa da ƙwallon fiye da kowa, ya ƙame da hannu a sama. Ɗaya ɗan bayan namu ma haka. A gefen fili matan sashen shirya kaya suka zubar da murafen bokiti, hannuwa suka tashi reras. Ƙwallon ta yi tsalle kaɗan a gabana, ta gangara, ta tsaya a gaban Dogo.

Bawan Allah nan sai da ya tsorata. Ya waiwaya baya da sauri, don a zatonsa 'yan fashi ne suka shigo fili. Bai ga kowa ba. Ya dubi alƙalin wasa, alƙali ya dube shi da usur a baki bai busa ba. Ya dube ni, ina tsaye cikin raga kamar wanda aka kama da kayan sata. Sannan ya sa ɗan yatsan ƙafa ya tura ta a hankali, kamar yana ba ni haƙuri. Ta gangaro ta tsallake layi ta zo ta daki takalmina. A lokacin ne hankalina ya dawo, kuma har lokacin hannuna na sama.

Da farko jiniyar kawai ake ji tana ƙarasa kukanta. Sai wani daga cikin 'yan Challawa ya fashe da dariya, sai fili gaba ɗaya ya ɗauka. Ba murnar ci ake yi ba, dariya ake yi, irin wadda mutum ke riƙe ciki yana neman inda zai zauna. Na ga mai sayar da rake ya kifa kai a kan baronsa. Kyaftin ɗinmu ya ruga wurin alƙali yana rantsuwa cewa jiniya ta tsayar da wasa. Alƙalin, yana share hawaye, ya ce, "Malam, usur ɗina ka ji ko na masu biskit?" Isuhu kuwa ya taho kaina idonsa jawur.

"Mi ka yi muna haka? Kai ka ce muna hannu sama! Walla ina ganin bal ɗin ga, ga ta ga ƙahwata, amma ka ce hannu sama!"

Aka mayar da ƙwallo tsakiya, ba a daɗe ba aka busa tashi. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma filin Bompai tauri gare shi. Ban yarda na dubi bakin layi ba, sai dai ta wutsiyar ido na hango kwat ɗin Lahadi tana tafiya wajen mota ita kaɗai, a lokacin da 'yan Challawa ke jeruwa a gaban mai hoto da kofi a tsakiya. Wannan ya fi dariyar yi mini ciwo.

Ina cire safar sai ga Alhaji a gabana, abokansa a baya suna ta kokawa da bakinsu. Na durƙusa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To, na ga abin da ka ce in zo in gani." Ya ɗauki kujerarsa ya tafi.

Ban bi motar kamfani ba. Na juya rigar, cikinta ya koma waje, na tari adaidaita ni kaɗai. Ashe labarin ya riga ni isa Dorayi, don wani ya ɗauka a waya ya watsa. Ina yin sallama Maman Ummi ta buɗe ƙofa da hannuwanta biyu a sama, bakinta cike da dariya. Da ta ga fuskata sai ta sauke su a hankali. Ta ce, "Shigo ka ci abinci tukuna, Baban Ummi." Ba ta sake tayar da maganar ba a ranar, kuma har gobe ina ganin girmanta saboda wannan.

Litinin na aika cewa zazzaɓi ya kama ni. Talata ma haka. Da na koma, na zama gwanin laɓe-laɓe. In Baba ya shigo ta gabas, ni ina yamma ina gyaran bokitin da ba abin da ya same shi. Tsokanar abokan aiki ba ta dame ni sosai ba, na san na cancance ta. Abin da ke hana ni sukuni shi ne bangon falon nan na Pankshin. Mutumin ya ɗauko ni daga kan jarka, ya tsaya mini lokacin da kowa ke ƙunƙuni, abu ɗaya tak ya roƙa, ni kuma na ajiye shi a gaban Dogo da hannuna.

Ranar bankwanarsa aka taru a wurin cin abinci na kamfani, aka kawo lemo da cincin, manya suka yi jawabi. Na maƙale a can baya kusa da ƙofa don in sulale da an fara watsewa. Sai na ji muryarsa.

"Ina golana? Kai, na gan ka. Zo nan."

Aka buɗe mini hanya, ana ƙyaƙyata ƙasa-ƙasa. Yana riƙe da wani abu mai faɗi naɗe a jarida. Tun kafin in isa na fara, "Baba, ku yafe mini. Na hana ku hotonku."

"Wa ya gaya maka?" in ji shi. Ya warware jaridar.

Hoto ne babba, an sa shi a gilashi. Ni ne a cikin raga, baki a wangame, ido a waje, hannuwa a sama. Ga Isuhu a gefe shi ma hannu a sama, ga ƙwallo a ƙasa, ga ƙafar Dogo ta shigo ta gefe. Daga bidiyon wayar nan aka ciro shi. Wuri ya kaure da dariya, ni kuma na ce shi ke nan, yau Baba zai rama. Amma shi ba dariya yake ba. Ya jira aka yi shiru, ya sa yatsa a kan gilashin.

"Ƙirga mini yatsun ka a nan."

Na ce, "Goma ne, Baba."

"Na Isuhu fa?"

"Goma."

Ya gyaɗa kai. "Ba zan yi maka ƙarya ba, ranan nan na yi fushi. Na je gida ban ci abinci ba. Mama, matana, ta kawo mini waya ta ce in kalla, na ce ba na so. Da na kalla, na sake kalla. Ka san me na gani? Mutum yana riƙe da abin da ya fi so a duniya a wannan lokaci. Jama'a suna kiran sunan shi. Surukin shi yana kallo. Jiniya ya yi, ya sake." Ya ɗaga hannunsa na dama, karo na farko da na ga ya nuna shi a gaban taro da gangan. "Ni ranan da nawa ya faru, bokiti ne a hannuna. Bokiti ɗaya. An yi mini ihu, na ƙi sakewa."

Isuhu ya ja hularsa ya rufe fuska.

"In mutanen ƙauye sun tambaye ni me na yi a Kano," in ji Baba, "wannan zan nuna masu." Sannan ya dafa kafaɗata ya rage murya, amma yadda kowa zai ji. "Sai dai kai ma, da ka buga bal ɗin gaba maimakon yawo da shi kana nuna riga, da yanzu hoto biyu nake da shi."

Na yi dariya, na yi hawaye, duk a lokaci guda, a gaban manaja.

Har yanzu ni ne golan kamfaninmu, kuma abin da zai ba ku mamaki, tsoron jama'a ya bar ni kwata-kwata. Ba na ma bukatar madubin Maman Ummi. Mutumin da ya riga ya ɗaga hannu a cikin ragarsa a gaban surukinsa, me ya rage da zai ji tsoro? Rigar Katanga tana nan, da ita ake goge babur. In na kama ƙwallo yanzu ba na neman idon kowa, gaba nake bugawa. Alhaji kuwa, duk sanda na je gaishe shi, sai ya tambaye ni da fuskar tausayi ko har yanzu ana busa mana abin nan.

Yarda da kai abu ne mai kyau, ban musa ba, ita ta ɗauke ni daga kan jarka. Amma in wani ya ce maka ka bar jikinka ya yi abin da ya saba, ka zauna tukuna ka bincika me jikin naka ya saba. Ni dai yanzu duk filin da aka kai mu, kafin in duba raga, kafin in sa safa, sai na nemi maigadin kamfanin da ke makwabtaka, na gaishe shi da ladabi, na tambaye shi ƙarfe nawa suke tashi daga aiki.